Muhawara: wai kallo kawai na iya koya ma mutum aiki?

Sanusi Kabu-kabu:
Slm yan uwa barkanmu da hantsi. wani bidiyo na gani a TikTok wai wani bature na cewa masana sun gano in kana kallon mutum yana aiki kwakwalwarka tana yin aikin tare dashi kamar kai kake yi, wai har jijiyoyin hannunka na motsi baka sani ba. to ni tambayata in haka ne mi ya hana mutum ya zamna gida ya koyi sana'a da waya kawai? dan ni wlh ba wasan Issaka Issaka da ban kalla ba, kenan nima na kusa daukar takobi ko 😂 masu boko ku hidda mu duhu

Lawali Garaji:
Ka zo filin Kantu ranar Lahadi in haɗa ka da ƙaramin aparantina, in ka yi minti guda tsaye ni zan zuba ma esansi na sati

Maman Biyu:
😂😂 Lawali ka bar shi, matarshi na da ƙaramin goyo

Baba Tela:
Sanusi ɗana, maganar baturen nan da gaskiya cikinta da ƙarya. Ni tun zamanin Kunce nike bisa keke. Yaro in anka kawo min shi ba ya taɓa almakashi, zamnawa zai yi kusa gare ni shina kallo, shina miƙo zare, shina guga, shina sa maɓalli, wata da watanni. Wanda ya yi wanga zama da wanda bai yi ba ranar da ka ɗora su bisa keke za ka ga bambanci, na hwarko ya san inda hannun hagu ke zama kuma ya san ba a jan yadi, keke ke ja da kanshi kai dai ka bi shi. Amma duk kallon da ya sha ɗinkinshi na hwarko sai ya karkace. Ban taɓa ganin wanda layinshi ya miƙe ranar hwarko ba, shi ya sa tsumma nika ba su ba shaddar mutane ba.

Nana Ɗaliba:
Ina kwananku iyaye da yayye. Yaya Sanusi abin da baturen ya faɗa yana da tushe sai dai ya zuba mishi gishiri da yawa. Ni biyoloji nake karantawa nan jami'ar Dan Dicko Dankoulodo kuma na ɗan bi labarin nan, bari in kawo yadda ya faro, ku yi haƙuri zai yi tsawo.
A garin Parma na ƙasar Italiya ne, wani malami Giacomo Rizzolatti da abokan aikinshi suna binciken yadda ƙwaƙwalwar biri ke ba hannu umarni. Sai su sa wata siririyar waya cikin ɓangaren da ke tsara motsin hannu da baki, wanda suka sa ma suna F5, wayar na sauraron ƙwaya ɗaya tak cikin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, in ƙwayar ta tashi aiki sai lasifika ta yi tatatata. Biri ya miƙa hannu ya ɗauki abinci, lasifika ta yi ƙara, wannan ba abin mamaki ba ne. Mamakin shi ne biri na zaune ko yatsa bai ɗaga ba, ɗaya daga cikin masu binciken ya ɗauki abincin a gabanshi, sai ƙwayar nan dai ta tashi kamar birin ne ya ɗauka. Sun buga wannan a 1992, a 1996 kuma suka raɗa musu suna ƙwayoyin madubi. Kuma fa ba duka ƙwayoyin wurin ke haka ba, 532 suka auna a aikin 1996, 92 ne kawai ke da wannan hali.

Lawali Garaji:
Ƙanwata wannan ai kwaɗayi ne ba ilimi ba, biri ya ga an ɗauke abincinshi ba dole kanshi ya yi ƙara ba. Ko ni in na ga ana damun fura kaina ƙara yake

Nana Ɗaliba:
Yaya Lawali ai su ma sun yi wannan tunanin 😄 sun aje abincin gaban biri ba wanda ya taɓa, ƙwayar shiru. Sun yi motsin ɗauka da hannu alhali ba komi wurin, kusan shiru. Sai hannu ya haɗu da abu sannan take tashi. A 2001 suka ƙara wani gwajin, suka nuna ma biri abu sannan suka sa labule suka rufe, hannu ya wuce bayan labulen biri bai ga ƙarshen ɗaukar ba, amma wasu ƙwayoyin suka tashi tunda ya san akwai abu can. In ya san bayan labulen ba komi kuma ba su tashi. Na 2002 shi zai fi ma Maradawa daɗi, da gyaɗa aka yi shi, akwai ƙwayar da ke tashi in biri ya fasa gyaɗa, ta tashi in ya ga an fasa, ta kuma tashi in ƙarar fasawar kawai ya ji bai ga komi ba

Maman Biyu:
Ashe gyaɗarmu har Italiya ta yi boko

Mushe Habu:
Nana kin kawo shi daidai amma akwai inda masu bidiyon nan ba su zuwa. Na ɗaya, birin da aka samu ƙwayoyin nan a kanshi ba gwanin kwaikwayo ba ne ko kaɗan, duk da sunan da biri ya yi. Ka yi ta nuna mishi sabon aiki da hannu, da ƙyar ya ɗauka. To in ƙwayoyin madubi su ne sirrin koyo ta kallo mi ya sa mai su bai iya ba? Na biyu an yi ma abin nan talla fiye da kima. A shekara ta 2000 wani masani Ramachandran ya ce abin da DNA, wato sinadarin gado na jiki, ya yi ma ilimin halittu shi ƙwayoyin nan za su yi ma ilimin halayyar ɗan Adam, daga nan kowa ya hau, tausayi su ne, magana su ne, har aka ce yaran nan masu otizim, masu wahalar hulɗa da mutane, madubinsu ne ya fashe, binciken da ya biyo baya kuma bai tsaida wannan magana ba. Wani Gregory Hickok na Kaliforniya ya daɗe yana musu da mutanen Parma, hujjarshi mai sauƙi ce, muna gane ayyukan da jikinmu bai taɓa yi ba kuma ba zai iya ba, ka ga shaho ya kawo sura ka san mi yake nufi alhali ba ka da fiffike.

Sanusi Kabu-kabu:
mushe ni ba biri na tambaya ba, mutum fa? akwai su kanmu ko babu

Nana Ɗaliba:
Akwai alamarsu yaya. Mutum ba a buɗe kanshi don gwaji kawai shi ya sa aka daɗe ana kewaye. A 1995 Luciano Fadiga, cikin mutanen Parma ɗin ne, ya aza wata na'ura mai maganaɗisu bisa kan mutane wadda ke zungurar ɓangaren motsi, ya ga in mutum na kallon hannu na ɗaukar abu tsokar hannunshi da ke yin wannan aikin ta fi saurin amsawa. Ina jin nan baturenka ya samo zancen jijiyoyin hannu. Sai 2010 a Los Anjeles aka samu masu farfaɗiya 21 waɗanda dama likitoci sun sa musu wayoyi a ƙwaƙwalwa don neman inda ciwon ke tasowa, da izininsu aka saurari ƙwayoyin, aka samu masu tashi in mutum ya yi aiki da in ya ga ana yi. Har da wasu da ke tashi in kai ka yi amma su lafa in kallo kake, ana zaton irinsu ke taimakawa kada ka dinga maimaita duk abin da ka gani kamar wanda aka yi ma asiri

Sanusi Kabu-kabu:
to kun gani!! Lawali ka shirya esansi

Kawu Na-Gobir:
Assalamu alaikum, jikana ne ka rubuta min. Ni na yi kokowa da ƙuruciya, ban ɗauki takobi ba amma ƙauyukanmu an san ni. Har gobe in ana nuna kokowa a tele ƙahwata ba ta zama wuri guda, tsohuwata har matsawa take da kwanon tuwo. Amma ga abin da nike so in hwaɗa ma Sanusi. Ni da kai in munka zamna kallon wasa guda ba abu guda muke gani ba. Kai sai ƙura ta tashi makaɗa sun ɗauka sannan ka yi ihu. Ni tun yaro ya aza nauyinshi bisa ƙahwa guda ya bari abokin karawa ya sa kai ƙarƙashin haɓarshi na san an gama, taɗiya ce ka zuwa, wani lokaci ni kan ce ya tahi mutane su dube ni su ce ina, kahin su ruhe baki ya sha ƙasa. Ba duba nike ba, jikina ne ya san wurin don an kada ni a nan, nima na kada.

Nana Ɗaliba:
Kawu Allah ya ƙara girma, wallahi abin da ka faɗa shi ne zuciyar maganar gaba ɗaya kuma an auna shi. A Landan a 2005 wata mai bincike Beatriz Calvo-Merino ta kawo ƙwararrun masu rawar bale, wata rawar Turawa ce, da masu kapuwera, wani wasan Brazil ne mai haɗa rawa da faɗa, da kuma mutanen da ba su iya ko ɗaya ba. Ta sa su cikin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa tana nuna musu bidiyo. Mai bale in ya ga bale ɓangaren motsi na ƙwaƙwalwarshi ya fi tashi, in ya ga kapuwera ya ragu, mai kapuwera kuma akasin haka, waɗanda ba su iya komi ba duka biyun ɗaya ne gare su.
Sai aka ce mata ai don sun fi ganin nasu ne. Ta sake a 2006 da dabara mai kyau, a bale akwai takun da maza kawai ke yi akwai na mata kawai, amma tare suke atisaye kullum, wato kowa ya ƙoshi da kallon na kowa. Duk da haka namiji ya fi amsa takun maza mace ta fi amsa na mata. Kenan ba yawan kallo ba ne, abin da jikinka ya taɓa yi ne.
A Italiya kuma 2008 Salvatore Aglioti ya gwada da basket, a nuna bidiyon mai jefa ƙwallo a tsaida shi tun ƙwallo ba ta yi nisa ba a ce za ta shiga ko a'a. Ƴan wasa suka fi kowa canka daidai kuma da wuri, har sun fi masu horarwa da ƴan jaridar wasanni da suka shekara suna kallo, don su daga hannun mai jifa suke karantawa ba daga ƙwallon ba. Irin na kawu kenan sak

Kawu Na-Gobir:
Allah shi yi miki albarka ɗiyata. Ku gaya ma tsohuwata Turawa sun ba ni gaskiya

Mushe Habu:
Sanusi ga naka kuma. A 2018 wasu masu bincike biyu a jami'ar Chicago, Kardas da O'Brien, suka sa mutane kallon bidiyon yadda ake jifan ƴar kibiya a allo da wata rawar ja da baya, wasu su kalla sau 1 wasu sau 20. Masu sau 20 suka ce ai mun iya, suka cika baki, da aka ce bismilla ba su fi masu sau 1 da komi ba. Abin da ya ƙaru kawai shi ne jin cewa sun iya. Ni wannan ya fi ba ni tsoro da waya fiye da komi, ina ganinshi a aji, ka yi lissafi a tablo yara na gyaɗa kai kowa ya gane, ka ce a buɗe kaye a yi irinshi sai ido ya raina fata

Sanusi Kabu-kabu:
to amma mushe ni da bidiyo na koyi daure sarkar moto da canza buji ba wanda ya koya min, wannan kuma fa

Lawali Garaji:
Kai da ka kwana ka tashi bisa moto? hannunka ya san kile tun kafin bidiyon, kuma na tabbata tsaidawa kake kana gwadawa kana komawa baya, wannan ai yi ne ba kallo ba. Kuma tunda ka kawo buji bari in tambaye ka, a bidiyon ka ga iya ƙarfin da ya sa da ya ɗaure? Ba a ganinshi. Da yatsu ake fara murza buji har ya zauna, in ka ji ya yi tauri tun farko to ya hau a karkace ka warware, in ya zauna sannan ka sa kile ka ɗan ƙara, akwai wani wuri da hannu ke jin ya isa, ka wuce nan ka cinye zaren kilas aikin dala ya koma na jikkuna. Wanda ya iya da wanda bai iya ba in ka ɗauke su a waya hannunsu iri ɗaya za ka gani

Hadiza Kine:
Sannunku, ina wurin aiki sai yanzu na leƙo. Abin da Lawali ya faɗa shi ne dalilin da kallo ba ya wadatarwa. Ido na ba ka tsarin aiki, wanne ke gaba wanne ke baya, ina hannu ke zuwa. Amma nauyi da matsi da santsi daga fata da tsoka da gaɓoɓi suke zuwa. Akwai ƙaramar ƙwaƙwalwa nan wajen ƙeya, duk motsin da za ka yi tana hasashen yadda zai fita, in ya fita daban sai ta gyara na gaba, to gyaran nan da kuskuren da jikinka ya ji yake aiki sosai. Layin yaron Baba Tela da ya karkace ba asara ba ne, da shi ake saita hannun

Baba Tela:
Asara ce in shaddar mutane ce ɗiyata

Malam Sule:
Assalamu alaikum warahmatullah. Na karanta duka, Allah ya ƙara ma ɗiyarmu Nana basira. Abu biyu zan ƙara. Manzon Allah SAW ya ce ku yi salla kamar yadda kuka ga ina salla, hadisin na cikin Buhari daga Malik bin Huwairis, bai tsaya ga faɗa da baki ba har bisa mumbari ya taɓa yin salla don mutane su gani su koya. Kuma a suratul Ma'ida aya ta 31 Allah ya aiko hankaka yana tonon ƙasa don ya nuna ma ɗan Annabi Adamu yadda zai binne gawar ɗan uwanshi, ka ga ɗan Adam tun farkonshi mai koyo da ido ne har daga tsuntsu. Amma mu a makarantar allo yaro ya ga alwala sau ba adadi, ranar da ka ba shi buta ka tsaya kanshi za ka tarar ya bar gwiwar hannu ko diddige a bushe. Sai ka ce sake. Don haka ni ban ga saɓani tsakanin Baba Tela da masu bincike ba

Maman Biyu:
Allah gafarta malam ni abin da ya dame ni daban ne, wanda ba ka so su koya shi suke ɗauka da kallo ɗaya. Hasana ta ɗauki takalmi ta kara a kunne tana alo alo ba rezo, har da yamutsa fuska irin tawa, wannan abin dariya ne. Amma Usaini ya kalli fim ɗin faɗa a wayar babanshi ya tashi ya shuri ƴar uwarshi a ciki. In kallo ba ya koyarwa wannan mi ne ne?

Mushe Habu:
Maman Biyu ba wanda ya ce ba ya koyarwa, shuri ai ƙafarshi ta riga ta iya, abin da ya ɗauka a fim shi ne wa ake shura da yaushe. Wannan tsohon bincike ne ya girmi zancen birin Parma nesa. Albert Bandura a jami'ar Stanford ta Amurka, 1961, yara 72 rabi maza rabi mata daga shekara 3 zuwa kusan 6. Wasu aka sa su ga babban mutum yana jibgar wata ƴar tsanar roba mai iska wadda in ka ture ta take dawowa tsaye, ya buga mata guduma a kai, ya zauna kanta yana naushi, ya shure ta. Da aka bar yaran da irin tsanar suka yi mata irin dukan har da kalmomin da ya riƙa faɗi. Amma na 1965 ya fi amfani gare ki. Fim aka nuna musu, wasu suka ga an ba mai dukan alawa an yaba mishi, wasu suka ga an yi mishi faɗa an hukunta shi, wasu ba abin da ya biyo baya. Waɗanda suka ga an hukunta shi ba su cika kwaikwaya ba. Sai Bandura ya ce duk wanda ya nuna min abin da mutumin ya yi zan ba shi kyauta, nan take bambancin ya ɓace, ashe duk sun haddace ɓoyewa kawai suka yi. To a fim ɗin faɗa wa ake hukuntawa? Jarumi ne ke duka kuma shi ake tafa ma. Ni ba na cewa duk yaron da ya kalli fim zai zama ɗan daba, dukan roba daban dukan mutum daban kuma masana har yanzu suna ja-in-ja kan girman tasirin, amma ranar da ya shuri Hasana abin da ya gani a fuskarki da ta babanshi shi ma darasi ne, in an yi dariya ya rubuta

Maman Biyu:
Babanshi ne ya yi dariya wlh, zan tura mishi wannan. Nana wai da gaske da shi ake haihuwar yaro? su biyun nan tun ba a yi suna ba in na fiddo musu harshe suke fiddowa

Nana Ɗaliba:
Anti nan ma rigima ce 😅 a 1977 Meltzoff da Moore suka ce jarirai ƴan kwana 12 zuwa 21 na kwaikwayon fiddo harshe da buɗe baki, kusan shekara 40 ana koyar da haka. Sai 2016 a Ostareliya aka bi jarirai 106 tun satin farko har na tara, aka ga suna fiddo harshe ko baki kawai ka buɗe musu ko fara'a ka yi, wato harshen dama fitowa yake. Meltzoff bai yarda ba ya ce tsarin gwajin nasu ne ba daidai ba. Akwai wata Cecilia Heyes a Ingila da ke ganin madubin ma koyonshi ake, tun kana jariri kana kallon hannunka lokacin da yake motsi, uwa na maimaita abin da ka yi, har gani da yi su ɗaure da juna. A 2007 ita da abokan aikinta suka horar da mutane in sun ga manuniya ta motsa su motsa ƙaramin yatsa, in sun ga ƙaramin su motsa manuniya, bayan horon da aka auna sai amsar tsokar ta juye. Ni dai nata ya fi kwanta min, kuma ya dace da maganar kawu

Lawali Garaji:
To ga wata, ni ina da ɗabi'a in na kwance buji sai na ƙwanƙwasa kile sau biyu a ƙarfen teburi kafin in aje, ba ya maganin komi sabo ne kawai. Yanzu duk yaran garejina haka suke yi, har wanda ya buɗe nashi wajen Tibiri an ce min yaranshi ma na yi 😂

Nana Ɗaliba:
Yaya wannan ma an gwada 😂 Victoria Horner da Andrew Whiten, 2005, da birran cimfanzi na tsibirin Ngamba a Uganda da kuma yara ƴan shekara 3 zuwa 4. Akwati ne baƙi, sai a zura sanda ta ramin sama a ƙwanƙwasa sannan a buɗe ƙofar gaba a ciro kyauta. Biri da yaro duk suka bi yadda aka nuna. Sai aka kawo akwati irinshi amma garai-garai ana ganin ciki, kowa na ganin ramin sama bai haɗu da komi ba. Birran suka watsar da shi suka tafi ƙofa kai tsaye, yaran mutane suka ci gaba da ƙwanƙwasa sama. An maimaita irinshi da yaran Kalahari a kudancin Afirka a 2010 su ma haka

Sanusi Kabu-kabu:
kenan biri ya fi yaran Lawali wayo

Baba Tela:
A'a Sanusi, nan ne ba ka gane ba. Yaron da ka zaɓen abin da zai kwaikwaya tun bai san aikin ba shi ne ba ya iyawa. Ni in zan yanka sabon yadi sai na jiƙa shi ya bushe, yaro na ganin ɓata lokaci ne, sai riga ta sha wanki ta tsuke sannan ya san dalili. Cikin abu goma da maigida ka yi wataƙila biyu sabo ne irin na Lawali, takwas kuwa da dalilinsu, kuma kai sabon zuwa ba ka san wanne ne wanne ba. To ka kwashe duka, in ka girma ka tace. Haka munka koya, ba a yi muna bayani ba, maigidana bai taɓa ce min ga dalili ba, sana'a satarta ake da ido.

Lawali Garaji:
Baba a nan kam ban bi ka ba, da girmanka. Wannan rashin bayanin shi ke sa yaro ya shekara bakwai yana wanke kile. Mi zai rage ka in ka ce mishi ina jiƙawa ne don kada ya tsuke? Ni da an yi min bayanin karbirato da baki lokacin da ina kallo da na rage shekara biyu. Wasu patron ɗin ma ba tarbiyya ba ce, tsoro suke yaro ya iya ya buɗe nashi kusa da su

Mushe Habu:
Ina bayan Lawali. Kuma yaro ba makaho yake kwaikwayo ba dalili yake nema. A Hangari 2002 György Gergely ya nuna ma jarirai ƴan wata 14 wata mata na kunna fitila da goshi. In hannuwanta a sake suke bisa teburi kashi 69 cikin ɗari suka yi da goshi, kamar suna cewa tunda tana da hannu ta ƙi amfani da shi akwai dalili. In kuwa ta ƙudundune da bargo hannuwan a riƙe kashi 21 ne kawai, sauran suka danna da hannu abinsu. Ɗan wata 14 kenan, balle saurayi mai gemu a shago. Bandura ma cewa ya yi koyo ta kallo sai an haɗa huɗu, ya maida hankali, ya riƙe, jikinshi ya iya maimaitawa, kuma ya ga amfanin yi. Kalma ɗaya ta maigida, dubi nan, ita ke kai idon yaro inda ya kamata, in ba haka ba yana iya wata shida yana kallon ƙafarka bisa feda alhali aikin na hannun hagu

Ɗiyar Bagalam:
Ku yi haƙuri in katse ku. Anti Hadiza babanmu ya samu shanyewar ɓarin jiki hannun dama ba ya ɗagawa sosai, yanzu da na karanta wannan nace ko in riƙa nuna mishi bidiyon motsa hannu zai taimaka?

Hadiza Kine:
Allah ya ba shi lafiya ƙanwata. Ana yin haka a aikinmu amma ƙari ne bisa atisaye ba madadinshi ba. Yadda ake yi, ya kalli aiki ɗaya mai sauƙi na ɗan lokaci, kamar ɗaukar kofi a kai baki, sannan nan take ya gwada da hannun mai ciwo, a maimaita. Ba sai bidiyo ba ke kanki ki zauna gefenshi ki yi a hankali yana gani. Akwai kuma na madubi, a tsaida madubi tsakanin hannuwanshi mai ciwon na ɓoye a baya, ya motsa mai lafiyar yana kallon madubin sai ya ga kamar mai ciwon ne ke motsi, wasu na samun ci gaba da shi wasu kaɗan, ya danganta da inda ciwon ya taɓa da girmanshi. Abu biyu don Allah, kada ku ja shi ta hannun nan in za ku tada shi kafaɗar na iya gocewa, kuma kada ya bar maganin hawan jini in an ɗora shi a kai. Ku kai shi wurin kine, mai gyaran gaɓoɓi da atisaye a asibiti, ya duba shi tukuna ya tsara muku abin da za ku riƙa yi a gida, watannin farko su ne jiki ya fi amsawa kada ku zauna jira

Ɗiyar Bagalam:
Na gode anti Allah ya saka, zan biyo ki ta pirive

Malam Sule:
Allah ya ba shi lafiya ya sa kaffara ne

Kawu Na-Gobir:
Amin ya Allah

Baba Tela:
Amin. Lawali da Mushe ban gama da ku ba, kuran ya ɗauke waya ta kusa mutuwa. Yaron da anka tauna ma komi a baki ba ya buɗe ido, ina da su biyu a shago yanzu ɗan lakkwal da wanda bai yi ba, ku zo bayan la'asar ku ga wuyan rigar da kowane ya ɗinka sannan mu ci gaba

Lawali Garaji:
Ina zuwa baba, amma ni zan zaɓi wanda zan yi ma tambaya